Rantsuwar da Baba Ya Ƙi Yi

Wata Laraba ce da hantsi, ƙarshen daminar 1979, shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki. Ina tsugune a tsakar gida ina tace wa Baba tawada da tsumma, Inna tana tankaɗe a ƙofar ɗakinta, sai ga yayana Modu ya shigo ko sallama bai yi ba, hularsa a hannu. Daga kotun alƙali yake, inda ya raka Baba tun da safe. Ya tsaya a kan Inna ya ce, "An ba Baba rantsuwa ya ƙi. Alhaji Tanimu ya rantse. Kango ya zama nasa." Inna ta ci gaba da kaɗa rariya alhali babu sauran gari a cikinta.

Kangon nan a bayan gidanmu yake, a wani lungu da ke kusa da Ƙofar Ɗan Agundi. Kakanmu ne ya kewaye shi lokacin da ya zo daga Borno neman karatu, shi ne kuma ya haƙa rijiyar da ke tsakiyarsa. A can muke ɗaure awaki, a can Inna take shuka rama da kuɓewa, a can nake jan ruwa kullum kafin in tafi makaranta, har igiyar guga ta yi mini kanta a tafin hannu. Duk matan lungun daga rijiyar suke aiko yara, ba a taɓa hana kowa ba. Da la'asar kuwa wurin namu ne. Mu yi carafke a gindin magarya, maza su yi langa, in mun gaji mu yi wasan alƙali, mu naɗa wa ɗaya daga cikinmu ɗankwali a matsayin rawani ya raba mana gardamar ƙarya.

Baba, wanda ake kira Malam Bukar, rubuta Alƙur'ani da hannu ne sana'arsa. Daga ka yake rubutawa, yana zaune a soro, takarda a kan gwiwa, in ya kammala a kai wa dukawan Kasuwar Kurmi su ɗinka masa gafaka. Kowa a unguwa ya san abu guda game da shi: ba ya rantsuwa. Ko "wallahi" ban taɓa ji a bakinsa ba. A wurin dattawan zamaninsa, mutumin kirki ba ya dafa Alƙur'ani saboda abin duniya ko da gaskiyarsa ce. Gara ya bar abin.

Alhaji Tanimu maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya, ya kuma san wannan hali na Baba kamar yadda ya san sunansa. A shekarar nan ya zama babba a jam'iyya, mutane suka fara cika masa ƙofar gida, wurin ya yi masa kaɗan. Sai kawai muka ji ya kai ƙara, wai kangon na mahaifinsa ne, aro aka ba kakanmu. Baba bai damu ba. Ya ce wa Inna alƙalin tare suka yi karatu a zaure ɗaya, kuma shari'a ba ta cin mai gaskiya. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya tafi.

Modu ne ya ba mu labarin yadda aka yi. Alhaji bai kawo shaida ko ɗaya ba, bai ma yi ƙoƙarin kawowa ba. A ƙa'ida, idan mai ƙara ba shi da shaida, wanda ake ƙara shi ne zai rantse magana ta ƙare. In ya ƙi, sai a mayar wa mai ƙara da rantsuwar. Alƙali ya tambayi Baba ko ya san hukuncin wanda ya ƙi. Baba ya ce, "Na sani, Allah ya gafarta malam. Amma kai ma ka san kangon nan. Ka sha ruwan rijiyarsa." Alƙali ya sunkuyar da kai ya ce alƙali ba ya hukunci da saninsa. Aka kawo buta. Alhaji ya yi alwala a gaban jama'a yana gaisawa da mutane, ya dafa Alƙur'ani, ya rantse ba ko gargada. Goggo Falmata, ƙanwar Baba, da ta ji sai ta tofar da yawu ta ce, "Wannan ko alwalar tasa na tabbata ba ta kai gwiwar hannu ba."

Da Baba ya dawo, Inna ta kai masa ruwa ta ce, "Malam, ai gaskiyarka ce. Me ya hana?" Ya dubi hannunsa na dama ya ce da shi yake rubuta Littafin, ba zai ɗora shi a kai don ƙasa da magarya ba. 

Abin da har yau yake ɓata mini rai shi ne babu wanda ya karya doka a ranar. Na tambayi malamai da na girma, duk suka ce haka yake a littafi. An auna tsoron Allah na Baba ne, aka ga daidai inda zai tsaya, aka bi ta nan aka wuce da shari'a a hannu. Dattawan da suka san gaskiya suka yi shiru, washegari ma na ga wasunsu a kan tabarmar Alhaji. Aka ja katangar bulo, aka sare magaryar, aka rufe rijiyar da siminti don a sami wurin ajiye mota. Muka koma sayen ruwa a wurin 'yan garuwa. Wasan alƙalinmu ya lalace, domin duk wanda aka kawo ƙararsa sai ya riga kowa cewa "na rantse", shi ke nan ya ci. A lungunmu aka daina cewa "mu je gaban alƙali". In an ci mutum sai ya ce Allah ya isa, ya koma gida.

Modu ya matsa har aka ɗaukaka ƙara. Aka yi ta ɗagewa, yau alƙali ya yi tafiya, gobe lauya bai zo ba, har soja suka sake karɓar mulki. Baba ya rasu a tsakanin wani zama da wani. Da ruwan garuwa aka yi masa wanka.

Yanzu kotuna sun yi yawa a Kano, jikokina kuma sukan ce "wallahi tallahi" a kan alewa. Ba na tsawata musu, sai dai in tuna lokacin da kalmar take da nauyin da mutum zai bar gadonsa don kada ya ɗauke ta. Modu ma ya rasu bara. Ƙararmu tana nan, ba a kore ta ba, ba a kuma yanke hukunci ba.