Ruwan da Na Sha a Gindin Falwaya a Osaka

Jama'a, wallahi abin nan ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. Haifaffen Jarwal ne ni a nan Makka, ina sayar da kayan gyaran mota a unguwar Zahir, sana'ar ce ta kai ni Osaka ta ƙasar Japan shekarun baya, na sauka gidan Malam Idi, wani Bakano mai auren Bajapaniya.

Garin ya ɗaure mini kai. Jirgin ƙasa cike maƙil amma tsit kamar ana sallah, ba mota a titi amma mutane na tsaye suna jiran danja, 'yan firamare da hulunansu ruwan ɗorawa suna tafiya makaranta ba mai rakiya. Ga tsafta, alhali ko kwandon shara ɗaya ba ka gani, kowa da shararsa yake komawa gida.

Ranar da zan taso, da azahar, zafi ya dame ni, sai na ga gorar ruwa sabuwa a gindin falwaya, an jera furanni kusa da ita. To mu a Makka ruwan da aka ajiye a hanya sabil ne, sadaka ga mai ƙishi. Na yi bisimilla na shanye, har da yi wa mai shi addu'a. Ina sauke gorar na hango wata yarinya mai hula ruwan ɗorawa a tsallaken titi, ta zuba mini ido ko ƙiftawa ba ta yi. Da na rasa inda zan yar da gorar sai na cusa ta a jaka.

Ina ba su labari a gida, matar Idi ta rufe baki da hannu. Idi ya ce nan ne mota ta kashe wata 'yar makaranta, iyayenta ke ajiye mata ruwan. Na ce matacce ba ya shan ruwa, na kama hanyar filin jirgi.

Ban yi mako da dawowa ba 'yata Hafsa, mai shekara huɗu, ta daina shan ruwa. In an ba ta kofi sai ta kai bakin ƙofa ta ajiye, ta rusuna irin rusunawar mutanen can, wadda ba ta taɓa gani ba. Leɓunanta suka tsage, aka yi ƙarin ruwa a asibiti, aka yi ruƙiyya, shiru. Hankalina ya tashi matuƙa, ina kallon 'yata tana bushewa a garin Zamzam.

Wata safiya na same ta rungume da gorar nan, ta zaro ta daga jakata.

"Ya Baba, moyan nan, ruwan, na mai hula ne, kai ka shanye mata."

Na yi istigfari, na cika gorar da Zamzam, na ajiye a ƙofar gida da niyyar sabil, kowa ya sha. Kafin la'asar ba ko ɗigo a ciki, murfin yana nan a ɗaure tam, Hafsa kuma ta nemi ruwa ta sha kofi biyu. Na tambaye ta ko yarinyar ta tafi.

"La', a'a," in ji ta. "Ta ce shukran, amma ba ta san hanyar gida ba."

Yau Hafsa ta girma, ba ta tuna komai. Ni dai har yanzu kullum sai na cika gorar, kuma ban taɓa ganin mai shanyewa ba. Don Allah in kun je ƙasar mutane, ku tambaya kafin ku ɗauki abin da aka ajiye a ƙasa.