Ranar da Muka Fito da Gadon Inna

Autan gidanmu ya bar Kankia da fushin Inna a kansa. Gonar da mahaifinmu ya bar masa a Fakuwa ya sayar ba da saninta ba, ya tafi neman aiki ƙasar Larabawa. Shekaru suka wuce ba ta ambace shi ba. Sai da ciwo ya kwantar da ita, numfashinta ya fara sama-sama, sannan ta ce in nemo mata shi. Amma ba za ta yafe wa murya ba, in ji ta, sai ta ga idonsa.

Ɗakin Inna yana can ƙuryar gida, ginin ƙasa ne mai kauri, waya ba ta samun sabis a cikinsa. Akwatin intanet ɗinmu kuwa yana shagona na ɗinki, jikin zaure. Na ce a ɗauko ta da gadonta a kawo ta zauren.

"Kai wannan," haka take kirana don ni ne ɗan fari, "sau ɗaya maza ke ɗaukar mace su fitar da ita daga ɗakinta. Gaggawa kake yi?"

Ban sake tayar da maganar ba.

Auta ya aiko da kwali ta hannun wani mai dawowa daga Umara. Na'urori biyu ne farare a ciki, kowacce kamar sabulun wanki. Ɗaya a soka ta a soket ɗin shago, ɗaya a na ɗakin Inna, sai intanet ya bi wayar wutar gida ya isa can. A lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan La'asar, kuma da kaina na karanta lambar da ke jikin kwalin: ɗaya da sifili uku. Malaminmu ya ce gudun saƙo ke nan. Na koma gida ina jin an gama.

Da malamin ya zo duba Inna, ya auna gudun da wayarsa a bakin gadonta. Lambar ko goma ba ta cika ba. Ana cikin haka maƙwabcinmu ya tayar da injin markaɗe, lambar ta ƙara faɗuwa. Malam ya ɗaga kai ya bi wayar wutarmu da kallo, inda ta ratsa azara, gaɓa-gaɓa, kowace shekara da nata ƙarin da aka naɗe da baƙar roba.

"Lambar kwali gudun mota ce a kan kwalta," ya ce a hankali. "Wayar gidanku kuwa hanyar Bauranya ce da damina."

Ranar Juma'a Auta ke hutu, ranar muka kira. Fuskarsa ta fito, ya ce, "Inna, ki ya..." sai hoton ya tsaya cak. Baki a buɗe, ido rabi a rufe. Na riƙe wayar a gabanta ina jira ya motsa. Ta daɗe tana kallo.

"Haka fuskar ubanku ta yi ranar da na rufe masa ido," ta ce. "Ɗauke min shi."

Muka yi ta gwadawa. Wata Juma'ar a ɗauke wuta, wata kuma muryarsa ta iso gutsure-gutsure kamar mai magana a cikin rijiya. Na roƙi mai markaɗe ya dakata, ya dakata, hoton ya ɗan yi motsi ya sake sandarewa. Auta ya kira ni a shago yana faɗa.

"Yaya, ai dubu aka rubuta a jiki. Ko ba ka soka daidai ba ne?"

"Ni ma dubun na karanta," na ce.

Na'urar tana da ɗan haske kore, in abin ya yi rauni sai ya koma ja. Inna ta daina tambayar kowa komai, hasken nan kawai take kallo a bango. Ta bar tuwo, ta koma koko, sannan kokon ma sai cokali biyu. In na taɓa na'urar sai in ji ta da zafi, ɗakin kuma ya fara wani warin roba da ban gano daga ina yake fitowa ba.

Wata Juma'a da hantsi, hasken yana ja tun safe, ta ce, "Kira mazan."

Ni da maƙwabta muka kama ƙafafun gadon. Ta ja mayafi ta rufe fuska saboda rana. Muna tsakar gida wata mata da ta shigo ɗiban ruwa ta gan mu, ta saki guga ta fara salati. Inna ta fito da hannu daga cikin mayafin.

"Da saura," ta ce.

A zaure hoton ya fito tar, har ƙiftawar idonsa. Auta sai hawaye kawai. Ta dube shi son ranta.

"Ka rame," ta ce. "Na yafe maka duniya da lahira. Har gonar."

Da aka gama muka sunkuya za mu mayar da ita ɗaki, sai ta dafa hannuna. Tafinta sanyi ƙalau.

"Kai wannan, kada ka wahalar da mutane sau biyu. Ku bar ni nan. Nan ya fi kusa da ƙofa."