Takobin Agali da jarrabawar injiniya

Har yau ban manta da ranar da na sha rana a ƙofar gidan Agali ba, a bazarar 1967, ina direktan lakkwal, wato shugaban makarantar firamare, a Tabotaki.

Ɗansa Idirisa tsohon ɗalibina ne, yana ajin ƙarshe a lise, babbar sakandare ta Yamai. Kansa na ja a lissafi, ba a magana. A lokacin ba mu da jami'a a ƙasar nan. Mai son zama injiniya sai ya shiga konkur, wato gasar jarrabawa, a zaɓi 'yan ƙalilan a tura su waje. Amma wanda bai kai shekara ashirin da ɗaya ba, dole uba ya dangwala yatsa. Sufeto ya aiko mini daga Madawa cewa in karɓo yardar uban kafin a rufe rajista. Idirisa ma ya zo, muka tafi tare.

Ni a wautata na zaci shayi kawai za mu sha. Na yi ta zuba, injina kaza, gadoji kaza. Agali, dattijo mai raƙuma, ya saurare ni ta cikin rawaninsa, sannan ya kira ni yadda ake kiran malaman boko, ya ce, "Mushe, aikin nan da ƙarhe a ka yi nai?"

Na ce da ƙarfe.

"To ƙira ce. Gidanmu muna rataya takobi, ba mu ƙera shi. Wa za ya ba maƙeri ɗiya tai?"

Kai, raina ya ɓaci! Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe, ko gezau. Sai Idirisa, da tun zuwanmu kansa ke ƙasa, ya ce, "Baba, kowace damina ƙoramar nan sai ta raba mu da kasuwa. Bara ta ci kawu Musa. Ni gada nika son koyo."

 Can tsohon ya miƙo yatsa na shafa masa tawada. Ya ce, "Shi tahi. Amma takobina na ƙanensa ne."

Wannan takobi babban ɗa ke gadonsa tun kakanni. Na ga idon yaron ya kawo ruwa, amma bai janye ba. Tausayinsu duka biyu ya kama ni.

Ya ci konkur, ya tafi, ya dawo injiniya, aka ba shi aikin gina gada a kan ƙoramar nan. Da aka gama gadar ina wurin. Agali, ya tsufa tukuf, ya zo bakinta ya sa aka durƙusar da raƙuminsa, ya taka da ƙafa har ƙetare yana shafa ƙarfen gefe. Takobin dai bai dawo ba, yana kafaɗar ƙanen.

Shi ya sa nake ce muku, ku matasan malamai, in kun ga yaro ya zauna jarrabawa kada ku ɗauka nan ya fara. Wani sai da ya ajiye gadonsa a gida kafin ya ɗauki alƙalami.