Tambarin Rigar Kaka

Da za a mayar da ni wata safiyar Juma'a, cikin sanyin shekarar da na shiga aji huɗu, da na ajiye almakashin mahaifiyata inda na same shi. Na haura sittin yanzu, kuma ban taɓa gaya wa kowa wannan ba.

Gidanmu yana Omdurman, ɗakuna uku na laka da bishiyar nim a tsakar gida. Aikina ɗebo ruwa a zuba a randa da kai wa awaki dusa, daga nan sai fili, inda muke buga ƙwallon da muka cusa wa tsumma cikin tsohuwar safa. Kakana, Haj Musa, ya bar gonar auduga a Jazira yana saurayi ya shiga sojan Ingilishi. Abin da ya rage masa na wancan zamani rigar sanyi ce ta ulu, ruwan ƙasa, da yake ajiyewa a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadonsa. A cikin wuyanta akwai farin ƙyalle mai alamar kan kibiya, ga lambarsa da tawada. Yakan ɗora yatsa a kai ya ce, "Takarduna ruwa ya ci, wannan ce ta rage."

Ranar Alhamis na saci rigar na sa don in tsare gida a wasan ƙwallo. Kaka ya zo har fili, ya tuɓe min ita, ya zane ni da takalminsa a gaban yaran unguwa, suna dariya. Na kwana ina ƙuna. Da gari ya waye, yana wanka, na buɗe akwatin, na yanke ƙyallen nan tas, na tura shi cikin garwashin shayi. Na tsaya har ya zama toka, kuma gaskiya na ji daɗi. So nake ya rasa abin da ya fi ƙauna.

Akwai wani maƙwabci, Ammu Bashir, da ya daɗe yana tsokanarsa a majalisa, yana cewa, "Ya Haj, kai dai tukunyar Turawa ka wanke, rigar nan a gwanjo ka saya." Bayan sati biyu Kaka ya gayyato Ustaz Jafar, malamin makaranta mai tara kayan tsoffin sojoji, ya raba gardama. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo jabana, tulun gahawa. Ustaz ya juya wuyan rigar, ya duba, ya sake dubawa, ya ce a hankali, "Babu kibiya, ya Haj, ba zan iya cewa komai ba." Ammu Bashir ya tafa hannu. Kaka ya shafa wurin da yatsa, ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Bai ƙara zama a majalisar ba har ya rasu.

Da na girma na zama tela a kasuwar Suk al-Shabi, na shiga tonon dilolin tsoffin kaya ina tara irin waɗannan riguna. Na koyi cewa tambari ba shi kaɗai ne shaida ba. Ta zamanin su Kaka tana da tsaga a kowace kafaɗa, inda igiyar kafaɗar rigar ciki take fitowa. Mai faci a gwiwar hannu daga baya aka yi ta. In ka ƙona zare ɗaya, ulu na gaske ƙaurin gashi yake yi, na roba kuwa narkewa yake. Rigar Kaka tana da tsagar, tana da ƙaurin. Da Ustaz ya san haka, da Ammu Bashir ya haɗiye dariyarsa. Na je in nuna wa Ammu Bashir, na tarar ya riga mu gidan gaskiya, kuma har yau ina jin haushin hakan.

Yaran yanzu sukan zo da hoto a waya su tambaye ni ta gaske ce ko jabu, in duba kafaɗa in gaya musu. Mutum ɗaya nake son gaya wa, Kaka, ba ya nan.

In babba ya ɓata muku rai, don Allah ku faɗa masa da baki. Kada ku taɓa akwatinsa.