Kogin da Ya Sauya wa Yayata Ƙasa

Litinin, Gombe zuwa Mubi

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na bar gidana a unguwar Madaki, wasiƙar Yaya Hajara a aljihu. Jandarmomin Kamaru sun kama mijinta, Malam Buba, yana yankan dawa a gonarsa, wai ya tsallaka iyaka. Ni kuwa malamin makaranta ne, shekara tara ina nuna wa yara iyakar ƙasa, jan layi a taswira, ban taɓa ganinta da idona ba.

Na samu gaban wata babbar mota mai dakon siminti. Muka karya da ƙosai a Biu wajen ƙarfe tara. Muna jira a shingen Gombi direba ya ji abin da ke tafe da ni.

"Malam, in ƙasa biyu suka saɓa, wa ke raba su?"

"Akwai kotu a Turai."

"Tana da ɗan doka?"

"A'a."

"Ashe zaman hira ne."

Na ji haushi har muka shiga Mubi da magariba.

Talata, bakin iyaka

Awa uku a Landiroba, awa ɗaya a ƙafa. Ina ta baza ido ko zan ga waya ko ginshiƙi, sai na tarar da kogi biyu, ɗaya rairayi, ɗaya ruwa iya gwiwa. Ambaliyar damina ce ta sa kogin ya bar hanyarsa ya fasa sabuwa. Gidan Yaya da gonar suna tsakani. Na same ta ta rame, tana korar tsuntsaye daga dawar.

Laraba

Aka zauna ƙarƙashin tsamiya da hantsi. Sajan 'yan sandan ƙasarmu ya shimfiɗa taswirar Ingilishi, shugaban jandarma ya shimfiɗa ta Faransanci. Na leƙa wannan, na leƙa waccan. Dukkansu sun ce kogi ne iyaka, ba wadda ta faɗi abin yi in kogin ya tashi. Na miƙe na zuba bayani kan yarjejeniyar iyaka har na yi gumi. Sajan ya ce sai an rubuta wa manya a Legas da Yawunde.

"Wata nawa ke nan?" in ji ni.

"Ka ce shekara nawa, Malam."

Sai Yaya ta gyara mayafi ta yi wa jandarman magana da Fillanci.

"Ranka ya daɗe, ka ce sabon kogi ne iyaka?"

"Shi ne."

"To gidanmu ma yana wajenku. Mutumin da bai bar ƙasarku ba, wace iyaka ya tsallaka?"

Jandarman ya sake duba taswirarsa. Kafin azahar aka fito da Malam Buba, an rubuta shi ɗan Kamaru, shi da iyalinsa. Na yi murna, na kuma ji kunyar ilimina.

Alhamis da Juma'a, komawa

Da safe Yaya ta raka ni bakin ruwa. Na tuna mata matata ta kusa haihuwa, lallai ta zo suna. Ta ce an gaya musu yanzu sai da takardar fita, ba ta kuma san inda ake bayarwa ba. Ta tsaya nan, ni na tattare wando na tsallaka.

Na sauka Gombe ranar Juma'a ƙarfe huɗu na yamma, na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya. Inna na zaune a tsakar gida ta tare ni da tambaya, yaushe Hajara za ta zo? Na ce mata bari in sha ruwa tukuna.