Na je Damazin faɗa a kan suna

Mun tashi da asuba ranar Laraba, ni da ƙanwata, daga ƙauyenmu kusa da Sinnar, nan Sudan. A jakata akwai kisra, wato gurasar dawa, da agashe, naman yajin da na sa aka gasa mana, da littafin makarantar dare, don sai da na aurar da 'ya'ya uku na koyi riƙe biro. A cikina kuma akwai faɗa.

Autana ya je Rasha karatun likita, ya yi aure can, aka haifa masa ɗiya. Tun yana ƙarami ya yi min alkawarin ɗiyarsa ta fari sunan mahaifiyata za ta ci, Maryam. Da ya kira ya ce min "Masha", sai na kashe wayar, na hana kowa ya ƙara ɗauko min zancen. Shekara huɗu ke nan. Yanzu sun dawo yana aiki a Damazin, na ce zan je in ji daga bakinsa.

Hafila, motar da muka hau, ta cika har ƙofa. A Sinja muka sha jabana, wato gahawa, wajen wata mai shayi 'yar garinmu, ta ƙi karɓar komai don ta san babanmu. Daga nan hanya duk ramuka, gonakin dawa da riɗi hagu da dama, ƙanwata na amai ina yi mata faɗa.

Da muka isa, matar autana ce ta buɗe ƙofa, doguwa, ta naɗa tobi, lafayarmu, a karkace. Ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, Inna. Ni Tanya."

Na ce, "Tani? Ashe ran Litinin aka haife ki."

Autana ya yi dariya har da riƙe bango. Ya ce Tatiyana ne sunan, su can kowane suna sai sun gutsure shi. Litinin kuwa Fanidelnik suke ce mata. Na ciro littafina na ce ta faɗa min sauran, don ba na son a yi min dariya sau biyu. Talata Fitornik, Juma'a Fiyatnitsa. Asabar ce kawai ta ji tausayina, Subota, kamar Sabit ɗin Larabawa. Lahadi kam na rubuta na goge sau uku na bar ta. Laraba Sirida, wai ma'anarta tsakiya.

Muna cikin haka yarinyar ta leƙo daga bayan labule, da goshin gidanmu sak. Bakina ya riga ni, na ce, "Masha Allah." Sai ta taho da gudu, ta ɗauka kiranta na yi.

Na ɗaure fuska na dubi ubanta. "Ina alkawarina?"

Surukata ce ta miƙo min takardar haihuwa, ta ɗora yatsa a kan rubutunsu mai kama da ƙugiyoyi, ta karanta a hankali: Mariya. Ta ce su haka suke kiran Maryam, Masha kuma na lallaɓawa ne a gida.

Autana ya ce, "Inna, ai kin san ba zan iya kama sunan Haboba, kakata guda, gatsau ba. Shi nake son gaya miki kika kashe."

Ashe alkunya ce. Mu da muke ce wa mai sunan uwa Ummi, ni ce ban gane ta ba don ta zo da wani harshe. Na zauna a ƙasa, na ɗauki uwata na ɗora a cinya, na ba ta agashe, yaji ya sa ta kuka, muka yi tare.

Kwana biyar muka yi, muka dawo ran Fanidelnik. Abin da na koyo bai da yawa: shekara huɗu na yi asara don ban bari an ƙarasa min magana ba. Yanzu duk Subota Masha takan kira ni, kuma sai ta ajiye nake ajiyewa.