Takardar da Na Liƙa a Allon Sallama

A masaƙar da na yi aiki a Bompai, ƙarar injina ba ta barin a yi hira. In kana son magana da mutum, sai ka dafa kafaɗarsa, ka kai bakinka kunnensa, ka ɗaga murya kamar mai faɗa. Da haka tsohon shugaban ƙungiyarmu ya riƙe mu shekara da shekaru. Ƙungiyar taimakon juna ce, mu ma'aikata muka kafa abarmu: in an yi wa ɗayanmu haihuwa ko rasuwa, ko inji ya ci masa yatsa, sai a taru a je. Baba muke ce masa duka, har Kiristocin Filato da ke sashen rini. Inji-inji yake bi da ɗingishinsa yana raba labari, kafin masu aikin safe su tashi kowa ya ji.

Ni abin haushi yake ba ni. Na yi sakandare, ina da biro biyu a aljihun gaba, kuma a ganina ƙungiya ba ta tafiya da ɗingishi. Da ciwon ƙafa ya kwantar da shi aka zaɓe ni, a makon farko na kawo tsari: kowace sanarwa a buga ta da tafireta, a liƙa a allon da ke bakin ofishin manaja. Aka yi min tafi, na yi ta hura hanci.

Na je duba shi a Na'ibawa, na tarar da shi kan tabarma, ƙafar ta kumbura suntum.

"Ɗana, na ji ka kawo takarda," ya ce.

"E, Baba. Kun sha yawo da yawa, yanzu zamani ya kawo sauƙi."

"Madalla. Abu ɗaya nake roƙonka. Na raka mutane da dama makwancinsu. Ranar tawa, ka tara min mutanenmu."

"Haba Baba, Allah ya ba ku lafiya. Wannan ai ba sai kun faɗa ba."

A farkon shekarun tamanin ne, aiki ya ja baya, kamfani ya shiga rage ma'aikata. Sunayen waɗanda aka sallama, a wannan allon ake liƙa su. Mutane suka daina kallonsa. Magidanci sai ya sunkuyar da kai ya wuce da sauri, kamar mai gilma ƙofar surukai. Kullum ina ganinsu, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Wata Talata da hantsi maƙwabcin Baba ya zo bakin get a kan keke, ya ce Baba ya cika, jana'iza bayan La'asar. Na zauna na buga sanarwa. Sau biyu ina sake takarda saboda layi ya karkace. Na liƙa ta da fil huɗu, na nemi izini, na riga kowa tafiya.

Maƙwabta suka yi sahu a ƙofar gidan. Daga masaƙa ni kaɗai ne. Liman ya dube ni.

"Malam, mutanen kamfanin nasa fa? A jira su?"

"A ɗan jira, Allah gafarta Malam."

Aka jira. Ina tsaye ina kallon titin Zariya, motoci na wucewa, babu wadda ta tsaya. Can liman ya ce gawa ba ta jira, aka yi salla. Na ɗauki makara tare da mutanen da ban sani ba. Ban yi kuka ba, ban ma ji baƙin ciki ba. Jikina ya mutu kawai, kamar ƙafar da aka daɗe da zama a kanta.

Washegari na wuce ta gaban allon. Takardata na nan tsaf, ko lanƙwasa ba ta yi ba, gefenta sabon jerin sunaye. Ina shiga ɗakin saƙa sai na ji an dafa kafaɗata. Wani dattijo ne ɗan Filato daga sashen rini, hannunsa shuɗi har gwiwa. Ya kai bakinsa kunnena.

"Shugaba, yaya jikin Baba? Mun shirya za mu je gaishe shi ran Lahadi, in mun taso daga coci."

Na daɗe ina kallon shuɗin da ya bar min a riga. Sannan na dafa tasa kafaɗar, na faɗa masa rasuwar da ihu, don ba a iya faɗa a hankali a wurin. Daga nan na wuce inji na gaba, na dafa kafaɗar mai shi. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen ɗakin, kwana guda da binne Baba.